Me ya sa kunnena ba ya raba wasu sautukan Faransanci, le da la kuma suke kayar da ni?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayar da atamfa da yadi, shekaruna sun haura arba'in. Da Hausa na tashi a gida, Fulatanci kuwa a unguwa na tsince shi, ban san ranar da na koya ba. Allo na yi, sai da na girma na shiga ajin dare don Faransanci, saboda masu aiko mini da kaya daga Duwala da ma'aikatan duwan, wato kwastan. Ina karantawa ina rubutawa daidai gwargwado. Amma malaminmu ya ce dessus (sama) da dessous (ƙarƙashi) ba ɗaya ba ne, ni kuwa wallahi ɗaya nake ji. Le da la kullum sai na sa wannan a gurbin wancan, 'yata mai shekara 9 ce ke gyara mini. A waya kuma abin ya fi muni. Shin girma ne, icce ya bushe ba ya tanƙwaruwa? Wani abokina ma ya ce in daina yi wa yara Hausa a gida kada abin da ya same ni ya same su. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya yi wa kasuwa albarka. In na fahimce ka, kana son sanin inda matsalar take, a kunne ne ko a baki ko a shekaru, ko tana da magani, kuma ko Hausar gida ce ta jawo ta. Na daɗe ina nazarin tsarin sauti, ina kuma koyar da manya irinka Faransanci a nan arewacin Kamaru. Mutumin da ya iya Hausa da Fulatanci, ya haddace surori da Larabci, babu mai cewa kansa ba ya ɗaukar harshe. Matsalarka ta fi zama a kunne fiye da a baki. Kunnen nan kuwa horo ya sha tun kana goye, horon da ya dace da Hausa, kuma ana iya ƙara masa wani horon a kai.

Yadda harshen farko ke horar da kunne

A 1984 wasu masu bincike biyu a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka gwada jariran da iyayensu Ingilishi kaɗai suke yi. Suka riƙa kunna musu sautukan harshen Hindi na Indiya, da na wani harshen 'yan asalin yammacin Kanada mai baƙaƙe tunkuɗau, dangin ƙ ɗinmu. An saba wa jariri da cewa in sautin ya canza ya waiwaya, in ya waiwaya daidai sai wata 'yar tsana ta haska ta yi motsi. 'Yan wata 6 zuwa 8 yawancinsu sun raba sautukan da manyan masu Ingilishi ke kasa rabawa. 'Yan wata 10 zuwa 12 kuwa kaɗan ne suka iya. Wato kafin yaro ya fara magana, kunnensa ya riga ya zaɓi bambancin da ke da amfani a harshen gidansu, ya fara watsar da sauran.

Masanin harshe ɗan Rasha Nikolai Trubetzkoy, a aikinsa da ya fito a 1939, ya kwatanta tsarin sautin harshen farko da rariya: duk baƙon harshen da ka saurara ta cikinta yake bi, abin da ya dace da idanunta ya wuce, sauran ya maƙale. Rariyar Hausa wasula biyar gare ta, a, e, i, o, u, kowanne da gajere da dogo. Faransanci yana da wasulan baki goma ko fiye, ban da na hanci uku ko huɗu. Wasalin da ke ƙarshen dessous shi ne uu ɗinmu. Na ƙarshen dessus kuwa babu shi a Hausa, babu shi a Fulatanci, babu shi a Larabci. Da ya iso kunnenka sai ƙwaƙwalwa ta nemo masa ɗan'uwa mafi kusa ta haɗa su. Wasu ɗalibaina da i suke haɗa shi, su ce ri maimakon rue. Waɗanda suka fara ganin kalmar a rubuce kuwa, irinka, da u suke haɗa shi, domin ido ya ga harafin u ya riga ya yanke hukunci kafin kunne ya gama saurare.

Catherine Best, mai bincike daga Amurka, ta nuna cewa wahala mafi tsanani ita ce wannan: sauti biyu na baƙon harshe su faɗa gurbi ɗaya na harshenka. A 1988 ita da abokan aikinta suka gwada masu Ingilishi da baƙaƙen nan masu ƙyas-ƙyas na harshen Zulu, sai ga shi sun raba su da kyau, saboda ba su yi kama da komai a Ingilishi ba balle a haɗa su da wani. Sautin da ya yi kama da naka shi ke yaudara. 

Kuma kowa da tasa rariyar. Na zauna da Faransawa masu koyon Hausa, na faɗi baki na faɗi baƙi, su rantse kalma ɗaya na maimaita. Gadon kwanciya da gadon da magada ke rabawa, wanda ɗan shekara huɗu a Yelwa ba ya ruɗewa a kansu, su sai an yi watanni ana fama, domin tsawon wasali da karin sauti ba sa raba ma'anar kalma a harshensu kamar yadda suke yi a namu.

Akwai inda Fulatancinka ya riga ya yi maka rana. A Hausa p da f sauti ɗaya ne mai fuska biyu, shi ya sa Bahaushen da bai san wani harshe ba ke haɗa port da fort. Fulatanci kuwa ya raba su sarai, har nahawunsa ya dogara da rabon: Pullo da Fulɓe, faɗo da paɗe. Ɗaliban da suka tashi da Fulatanci a Garwa ko Marwa ba kasafai nake tsayawa da su a kan p ba. V ce takan ba da aiki, wadda Hausa ta saba mayarwa b, kamar a direba da talabijin.

Wani abin da ba ka ambata ba, amma zai yi wuya a ce babu shi a bakinka, shi ne cusa wasali. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere. Shi ya sa muka ce burodi, muka ce fulawa, sunan ƙasar ma muka ce Faransa. A 1999 Emmanuel Dupoux da abokan aikinsa suka gwada Japanawa, waɗanda su ma harshensu ba ya son cunkoson baƙaƙe. Aka kunna musu kalmar ƙirƙira ebzo, suka ce ebuzo suka ji, Faransawa kuwa suka ji ta yadda take. Wasalin da babu shi a cikin muryar, ƙwaƙwalwa ce ta ƙara shi. Wannan binciken yana burge ni ƙwarai, domin ya nuna cewa mai cewa turwa maimakon trois ba ganganci yake yi ba, abin da ya ji ne yake maimaitawa. Malamin da ke tsawa yana cewa a sake faɗa, a sake faɗa, bai taɓa inda ciwon yake ba.

Horar da kunne

Ga ɗan kasuwa wannan ba maganar ƙawa ba ce. Cinq mille jaka biyar ne, wato dubu biyar, cent mille jaka ɗari, wato dubu ɗari. Mutane da yawa ba sa furta k ɗin cinq in baƙi ya biyo baya, sai ya zama wasalin hanci kaɗai ya raba su. Deux ans da douze ans, shekara biyu da shekara goma sha biyu, dukansu da z ake furta su, wasali ne kawai bambancin. Dessus da dessous kuwa, kwali a sama ne ko a ƙarƙashin sauran kaya a cikin mota.

Hanyar da ta fi samun shaida ita ce wadda John Logan da Scott Lively da David Pisoni suka gwada a Amurka a 1991 da Japanawa manya, waɗanda ba sa raba r da l na Ingilishi. Aka riƙa kunna musu kalmomi biyu-biyu da sauti ɗaya ya raba, daga bakin mutane daban-daban, su zaɓi wadda suka ji, nan take a gaya musu sun dace ko sun kuskure. Cikin 'yan makonni jinsu ya gyaru. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wanda aka horar da muryar mutum ɗaya ba ya cin riba sosai in sabuwar murya ta zo. A 1997 kuma Ann Bradlow da abokan aikinta suka gano cewa furucinsu ma ya gyaru, alhali saurare kaɗai aka sa su. Ba su kai 'yan asalin harshen ba, amma sun matsa sosai.

Ba sai da kwamfuta za ka yi wannan ba. Ka rubuta kalmomi irin su rue da roue, vu da vous, pur da pour, bu da bout, tu da tout, dessus da dessous. Ka samu mutum huɗu ko biyar, maza da mata, babba da yaro, kowa ya karanta maka su a hargitse a saƙon murya na WhatsApp, ya rubuta jerin da ya bi a takarda ya ninke. Ka saurari kalma ɗaya, ka tsayar, ka yanke hukunci, ka duba takarda. Minti goma zuwa goma sha biyar a rana ya isa, bayan asuba kafin ka fita shago ya fi, lokacin da gida shiru. Sai dai ka tantance masu karantawar, domin akwai masu Faransanci da yawa a ƙasar nan da vu da vie ɗaya suke furta su. Ka sa mutum ya faɗi vie, vu, vous a gaban malaminku, in ya tabbatar uku ne sannan ka ɗauki muryarsa. Kada ka haɗa sautuka da yawa lokaci guda. Ka gama da wannan wasalin kafin ka koma kan cinq da cent.

Ga furucin kuwa, dabarar da nake nuna wa ɗalibai ita ce: ka ja ii na kifi, harshenka ya tsaya inda yake kada ya motsa, sannan ka turo leɓɓa gaba ka tsuke su yadda kake yi wa uu. Abin da ya fito shi ne wasalin dessus. Ka riƙe madubi, domin da zarar leɓɓa suka turo harshe yakan so ya gudu baya, sai ka koma uu ba ka sani ba. Na deux ma haka ne, daga ee za ka fara. A wasulan hanci, ka manta da hancin tukuna, ka saurari bakin: na cinq yana kusa da e buɗaɗɗe, na cent yana kusa da a mai zurfi, na son yana kusa da o. Mu mukan rufe su da n irin ta ƙarshen nan da can, wannan ba ya hana a gane ka, muddin wasalin ya fita daidai.

Le da la

Le ana sa shi gaban suna namiji, la gaban suna tamata. A nan Bahaushe ya shigo da jari. Hausa tana da namiji da tamata, kuma sifa tana bin suna: farin yadi, farar atamfa, kamar tissu blanc da chemise blanche. Fulatanci ba ya raba namiji da mace a nahawu, kalma ɗaya, "o", yake amfani da ita ga shi da ita, nasa rabon na azuzuwan suna ne wajen ashirin. A 2006 Laura Sabourin da abokan aikinta suka gwada masu koyon harshen Holan, suka ga waɗanda harshensu na farko ke da jinsi sun fi masu Ingilishi iya daidaita shi a jimla. To kai ƙwaƙwalwarka ta saba da wannan aikin.

Tarkon shi ne jinsin kalma ba ya tsallakawa daga harshe zuwa harshe. Rana tamata ce, soleil namiji. Wata namiji, lune tamata. Gida da ruwa maza ne a wurinmu, maison da eau mata. Kasuwa tamata, marché namiji. In kana sauri, jinsin Hausar ne ke riga fitowa. Sai kuma mallaka: mu muna cewa motarsa da motarta, muna nuna jinsin motar da na mai ita. Faransanci jinsin kayan kaɗai yake dubawa, sa voiture ko ta Alhaji ce ko ta Hajiya. Shi ya sa nake yawan jin son voiture daga ɗalibai in mai motar namiji ne.

Me ya sa 'yarka ba ta kuskure? A 2007 Casey Lew-Williams da Anne Fernald suka bi motsin idon yara 'yan shekara uku masu harshen Sifaniyanci. A nuna musu hoto biyu, ɗaya sunansa namiji ɗaya tamata, a ce su nemo ɗaya. Da jin la ko el, wato la da le na Sifaniyanci, idonsu ya fara tafiya wurin hoton da ya dace, kafin a gama faɗin sunan. A 2010 suka gwada manyan da suka koyi harshen a aji, sai ga shi sun san ƙa'idar a takarda amma idonsu yana jira sai sunan ya fito. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne yaro dunƙule guda yake ɗaukar la da sunan, babba kuwa sunan kaɗai yake haddacewa da fassararsa, daga baya ya zo yana laluben abin da zai sa a gaba. Kakanninmu ma dunƙulen suka ji, shi ya sa a bakin mutanen yankin nan makaranta ta zama lekkol, asibiti ya zama lopital.

Saboda haka kada ka ƙara rubuta suna tsirara a littafinka. Ka fara da kayan shagonka, waɗanda kake faɗa kullum: le pagne, le tissu, la pièce, le prix, la facture, le carton, la commande, la douane. Ka riƙa faɗinsu da ƙarfi kana taɓa abin. Sunan da ya fara da wasali kuwa l' yana ɓoye jinsinsa, sai ka riƙe shi da un ko une, ko da sifa: une école, un hôpital, l'eau froide. Ƙarshen kalma ma yana taimako fiye da yadda ake gaya wa ɗalibai. Roy Lyster a Kanada ya ƙirga a 2006 ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari na sunayen Faransanci ƙarshensu yana nuna jinsinsu. Masu ƙarewa da -tion, -ette, -ure, -ance galibi mata ne, masu -ment, -age, -eau, -ier galibi maza, sai 'yan tsirarun da suka saɓa irin su page, image, eau da peau. Ko da haka, wannan kuskuren yakan daɗe ƙwarai a bakin manya. Na san mutanen da suka yi shekaru suna aikin ofis da Faransanci, har yanzu in gajiya ta kama su le da la sukan sauya wuri.

Batun shekaru da yara

Karin maganar da ka kawo tana da gaskiya a wani ɓangare. A 1989 Jacqueline Johnson da Elissa Newport suka gwada Sinawa da Koriyawa 46 mazauna Amurka, suka ga waɗanda suka isa ƙasar suna ƙanana sun fi ƙwarewa a nahawun Ingilishi. A 2018 Joshua Hartshorne da abokan aikinsa suka tattara amsoshin mutum kusan 670,000 ta intanet, suka kiyasta cewa saurin ɗaukar nahawu yana nan da ƙarfinsa har wajen shekara 17, sannan ya fara raguwa. Raguwa ce, ba tsayawa ba. Ba zan yi maka alkawarin za ka yi magana kamar 'yarka ba, harshenka zai ci gaba da nuna inda ka fito. Amma Murray Munro da Tracey Derwing sun nuna a 1995 cewa ana iya jin baƙuntar mutum ƙarara a furucinsa kuma a gane duk abin da ya faɗa. Wanda za ka yi ciniki da shi ɗan Duwala ne mai nasa karin harshen. Abin da ke gabanka shi ne sautukan da ke canza ma'ana, sauran ka bar su.

Shawarar abokinka kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan. In ka daina Hausa, Faransancin da za ka ba yaran shi ne wanda kake fama da shi yanzu, ka hana su harshen da ka fi iya yi musu nasiha da labari da wasa a cikinsa. Abin da ya same ka rashin jin Faransanci da wuri ne ya jawo shi, su kuwa suna jinsa kullum a makaranta, ga 'yarka nan shaida. Tun 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara masu harshe biyu a birnin Montreal na Kanada, suka same su sun yi fice a gwaje-gwaje da dama, a lokacin da ake cewa harshe biyu yana dagula kan yaro. A nan Kamaru ma shirin PROPELCA da Maurice Tadadjeu ya jagoranta daga 1981 a kan fara karatu da harshen gida aka gina shi, sannan a shiga Faransanci ko Ingilishi. In ka ji yaro ya haɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci a jimla ɗaya, ka lura da shi in yana gaban kakarsa, za ka ga ya san wanda zai ajiye.

Waya

Ba kai kaɗai waya ke wahalarwa ba. Ido yana taya kunne ji. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka haɗa muryar mai cewa "ba" da hoton bakin mai cewa "ga", yawancin masu kallo suka ce "da" suka ji. A shago kana ganin leɓɓan mutum, kuma leɓɓa ne ke raba vie da vu. A waya wannan taimakon ya tafi, layin kuma yakan yanke ɓangaren sauti mai kaifi, inda f da s suke bambanta. Ga hayaniyar babura a bakin kasuwa, wadda bincike ya nuna ta fi cutar da mai saurare da harshe na biyu fiye da ɗan asalin harshen, domin shi ɗan asali yana cike gurbin abin da bai ji ba da hasashe.

Binciken da na kawo maka an yi shi ne a kan masu Ingilishi da Japananci da Sifaniyanci da makamantansu, ni ne na auna shi da abin da nake gani a aji, kuma ban saurari muryarka ba. Malaminku na ajin dare zai fi ni sanin sautin da ya kamata ka fara da shi. In kuma ka lura ko da Hausa ake maka magana a cikin taro kana yawan cewa a maimaita, to ka je asibiti a auna jinka, wannan wani lamari ne daban da ba horo ke gyara shi ba. Kafin horon ya kama, in za a yi maganar kuɗi a waya ka shiga cikin shago ka juya wa titi baya, in da hali a yi kiran bidiyo, ka maimaita adadin lamba-lamba, sannan ka ce a turo maka shi a rubuce kafin ka aika ko sisi.